Baban Faifai da Haƙƙin Mai Gaggawa

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, ina zaune a ɗakin adana faifai na gidan rediyonmu ina jera katuna, sai babbar 'yar Baban Faifai ta kira ni a waya. Tun daga sallamarta na sha jinin jikina. Ta ce, "Anti, Baba ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, na zauna ina kallon kujerarsa wadda har yau babu wanda ya iya zama a kai. Ya rasu a asibiti yana da shekara saba'in da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya. An yi masa sutura bayan azahar.

Masu sauraro sun san muryarsa a shirinsa na yammacin Lahadi. Mu ma'aikata Baban Faifai muke ce masa, domin shi ya riƙe ɗakin nan tun kafin a haifi wasunmu, kuma ko da ya yi ritaya ba a iya raba shi da shi ba. Ni shekara goma sha tara na yi ina buga masa takardu. Ba marubuciya ba ce ni, kuma abin da ya ba rayuwarsa, wato kiɗa, ban san shi ba. Malamai sun yi maganganunsu a kan kiɗa, ba a bakina za a ji fatawa ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Akwai kuma wani nauyi a wuyana da nake so in sauke a gaban iyalinsa.

Baba, ranar da aka kawo ni ɗakinka na same ka a tsugune kana goge wani faifai da ƙyallen auduga, daga tsakiya zuwa baki, kamar mai shafa kan jariri. Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na ce maka akwai magana: ni ba na sauraron kiɗa, haka aka tarbiyyantar da ni, in hakan zai hana aiki gara a mai da ni wani ofis tun yanzu. Na zaci za ka yi dariya. Ka miƙe ka ce, "To ni ma ban iya tafireta ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Washegari na tarar ka cire wayar lasifika ka naɗe, ka sa abin sauraro na kunne. Shekara goma sha tara ba ka sake sakin sauti a ɗakin nan ina ciki ba. Idan lokacin salla ya yi, kai kake ɗaga allura daga kan faifai kafin ni in duba agogo. Da abokan aiki suka fara kirana kurma a gidan makaɗa, ka ce musu, "Ku masu kunnen, wa ya taɓa nemo min faifai a minti ɗaya in ban da ita?" Daga ranar aka bar zancen. Kai kuma ka sa min naka sunan, Alƙaliya, wai ba na barin waƙafi ya wuce ban yi masa shari'a ba.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali, sati biyar ban zo aiki ba. Ka hana a kawo wani a madadina don kada a saba da rashina. Kai ka zauna da yatsa biyu ka buga katuna ɗari da sittin. Da na dawo ka nuna min su kana alfahari. Yau zan faɗi abin da na ɓoye maka: babu guda goma masu kyau a ciki. A hankali na sake buga su, uku yau, huɗu gobe, idan ka fita. Naka na asali suna nan a ƙasan durowata, na kasa zubarwa.

Ga waɗanda ba su san aikinsa ba, bari in faɗa yadda shi ya faɗa min. Akwai wani mutum da ya rasu fiye da shekara ɗari, ya tsara dogayen kaɗe-kaɗe guda bakwai, irin waɗanda ake kira simfoni. Babu waƙa a ciki. Makaɗa wajen tamanin ne ke zama, masu goge da masu busa da masu ganga, mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da 'yar sanda yana jagora. Kowane simfoni kashi huɗu ne. Abin da aka rubuta musu ɗaya ne, amma Baba ya ce kowane jagora da yadda yake fitar da shi, kamar yadda tela biyar za su ɗinka yadi ɗaya a samu riga biyar. Yana da cikakken saiti biyar na duka bakwai ɗin, na jagorori biyar, kuma kwatanta su shi ne aikin ransa.

Sunayensu na da wuyar faɗa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Soja, wanda komai nasa a kan layi. Akwai Ango, wanda ke zuba wa komai zaƙi har ya gundure ka. Akwai Dattijo, wanda Baba ya fi so. Akwai Mai Nawa. Sai na biyar, Mai Gaggawa. Baba yakan zauna da agogon awo irin na masu tsere da littafin rubutu, ya auna tsawon kowane kashi, ya rubuta abin da ya ji. Ni nake bugawa, shi ya sa na haddace abubuwan da ban taɓa ji ba. Na san a kashi na biyu na simfoni na uku akwai wurin da kowa ke yin shiru kafin sarewa ɗaya ta shigo. Na san Soja daƙiƙa biyu yake bai wa shirun nan, Dattijo biyar, shi kuwa Ango ba ya bari a yi shirun sosai, sai ya sa masu goge su riƙa jan numfashi a ƙasa. A ranar Lahadi Baba yakan sa wuri ɗaya daga saiti biyu ko uku a jere, ya ce wa masu sauraro su yi hukunci. Direbobi da teloli da malaman asibiti suna rubuto masa wasiƙu suna gardama a kan mutanen da ba su taɓa gani ba.

Mai Gaggawa shi ne abin tsokanar shirin. Baba yakan ce, "Ku ji shi, kamar wanda mota za ta bari." Ya rubuta cewa kayan kiɗansa ma muryarsu ta yi sama, kamar masu faɗa. A cikin bakwai ɗin babu inda ya wuce na ƙarshe ko na kusa da ƙarshe. Shekara ashirin da biyu ana haka.

Bara likita ya gaya masa gaskiyar halin zuciyarsa, kunnensa na dama kuma ya kusa mutuwa. Sai ya ce zai tattara littattafan rubutunsa su zama littafi guda, ya riƙe shi a hannunsa kafin ya tafi. Na buga shi duka. An yi magana da maɗaba'a, saura sati uku a kai musu.

A makarantar da na yi karatu, malaminmu ba ya karɓar abin da ka kwafa sai ka gwada shi da asali, harafi da harafi, sau biyu. Yakan ce wanda ya kwafa bai gwada ba, bai gama ba. Wannan ɗabi'a ta bi ni har gidan rediyo. Da na gama bugu sai na nemi abin da zan gwada lambobin Baba da shi. A cikin kwalin kowane saiti akwai 'yar takarda da kamfani ya buga tsawon kowane kashi da ƙananan haruffa. Baba ba ya duba ta, yakan ce zancen 'yan talla ne, kunnensa da agogonsa sun ishe shi. Na gwada na Soja, ya yi daidai. Na Ango, na Dattijo, na Mai Nawa, duk daidai, sai bambancin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Da na zo kan Mai Gaggawa, inda takarda ta ce minti goma sha huɗu, Baba ya rubuta sha uku da daƙiƙa ashirin. Na duba na gaba, shi ma ya gaza. Kashi ashirin da takwas, babu wanda bai gaza ba.

Na sake duba kwalayen. Sannan na tuna saiti huɗun can a kaset da faifan sidi suke. Na Mai Gaggawa kaɗai ne a manyan baƙaƙen faifai, kuma a kan garmaho ɗaya ake sa su, na Baba na kansa da ke lungun ɗaki. Daga kan garmahon nan yake naɗar abin da ake sawa a iska. A jikin faifan an rubuta zagaye talatin da uku da sulusi a minti. Na yanki 'yar farar takarda na ɗora a bakin farantin, na kunna ba tare da allura ba, na riƙe agogo. Talatin da uku lissafi ne da gaɓoɓin yatsuna suka sani bayan kowace salla, ba ya ɓace min. Yatsuna suka ƙare, minti bai cika ba. Talatin da biyar na samu. Na sake sau huɗu.

Na yi rashin ƙarfin hali, ban je wurinsa ba. Na je wurin matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ina fatan ita ta ɗauke min. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Shi Mai Gaggawar yana raye?" Na ce ya daɗe da rasuwa. "'Ya'yansa sun kawo ƙara?" Na ce a'a. Ta ce, "To 'yar nan, ki dubi Allah ki bar min mijina ya riƙe littafinsa. Sati uku ne. Wa zai sani in ba ke ba?" Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba. Shekara arba'in da shida tana tare da shi, ita ta san daren da ba ya iya kwanciya sai a zaune.

Kwana uku na yi shiru. A na huɗu Baba ya miƙo min shafin godiya in buga. A ciki ya rubuta cewa duk lambar da ke littafin nan Alƙaliya ta duba ta, kuma abin da ta duba ba ya bukatar wani ido. Na sa takarda a na'ura, hannuna ya ƙi. Ashe ni ma za a sa cikin masu shaida.

Na tashi na ɗora 'yar farar takardar nan a kan garmaho, na miƙa maka agogo, Baba. Na ce, "Don Allah ka riƙe min minti ɗaya, ka ƙirga da kanka." Ka ce, "Yau kuma garmahon aka gurfanar?" Kana murmushi ka fara. Ka ƙirga sau ɗaya, murmushin ya tafi. Ka ƙirga na biyu, na uku. Na ajiye maka takardar kamfani kusa da littafinka. Ka daɗe kana duban su, sannan ka ɗago ka ce, "Wa ya aike ki?" Tunda nake da kai ba ka taɓa yi min magana da wannan murya ba. Na ce babu kowa. Ka ɗauki hularka da sandarka ka fita, ko sallama babu.

Kwana biyu ba ka zo ba. Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, na ƙarasa bawan Allah da hannuna.

A rana ta uku ka shigo da injiniyan gidan. Ya buɗe cikin garmahon, ya ciro wani ɗan ƙarfe da bel ke zagayawa a kai, ya ce wannan ba nasa ba ne, an canza shi a wani tsohon gyara, kuma ya ɗara na asali kauri. Ka karɓa ka juya shi a tafin hannunka, abu bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ka ce, "Shekara ashirin da biyu ina yi wa mutum dariya a gaban duniya, ashe ga mai gaggawar nan." Sannan ka juyo ka ce min, "Alƙaliya, na yi miki tsawa ranar nan. Ki yafe min. Kira maɗaba'a ki ce su dakata."

Ranar Lahadin da ta biyo ban saurari shirin ba, amma ni na buga abin da ya karanta. Ya ce, "Jama'a, na yi wa wani mutum shaidar da ba daidai ba, kuma na sa ku kun taya ni. Ya rasu, ba ni da inda zan same shi in roƙe shi. Tunda a nan na ɓata shi, a nan zan gyara." Wani tela ya rubuto daga baya ya ce shi dama can ya fi son Mai Gaggawa a yadda yake, a mai do masa da garmahon da ya lalace. Baba ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

Daga nan aka gyara garmahon aka kai shi gidansa, domin hawa matakalar ofis ya gagare shi. Ya ce ba lambobi kaɗai za a gyara ba, sai ya sake jin mutumin daga farko, ya sake gwada shi da sauran huɗun, tunda duk hukuncin da ya yi masa a kan ƙarya aka gina shi. Na ce, "Baba, ai lissafi zai iya gyara lambobin a yini ɗaya." Ya ce, "Lissafi ya ji sarewar?" Kunne ɗaya ya rage masa, shi ma kashi ɗaya yake iya ɗauka a rana, wata ranar ko ɗaya. Idan na tashi daga aiki bayan la'asar sai in biya. Ya sa abin kunne, ni in riƙe agogo. In kiɗa ya fara ya ɗaga yatsa, in ya ƙare ya sauke. Mama tana zaune a bakin ƙofa da saƙarta. Takan amsa gaisuwata, ta ajiye min ruwa, ba ta ƙara komai.

Ban ji ko ɗigo na kiɗan nan ba, a fuskarsa na riƙa ganinsa. Ranar da muka zo wurin shirun nan na simfoni na uku, na ga ya riƙe numfashi, leɓensa yana ƙirgawa, sai hawaye ya gangaro masa. Da ya cire abin kunne ya ce, "Rubuta: ya fi Dattijo. Dattijo yana jira ne don an ce a jira. Wannan yana jira kamar wanda ba ya so ya tashi mai barci." Amma kada a zaci ya koma yabo don ya biya bashin kunya. A simfoni na huɗu ya ce, "Rubuta: babu gaggawa, amma masu ƙaho sun danne masu goge. Wannan laifinsa ne, garmaho ba ruwansa." Ya bar shi a matsayi na uku. A na biyar ya ajiye shi ƙasa da Soja. Yadda ya ƙi zaluntarsa haka ya ƙi yi masa alfarma.

Wata huɗu muka yi, muka kai ƙarshen na shida. Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarsa na same shi a jingine da matasai uku. Faifan na bakwai yana kan tebur. Ya sa abin kunne, ya ɗaga yatsa, ba a yi minti biyu ba ya sauke. Ya ce ba ya jin komai sai ganga, kamar daga gidan maƙwabta. Na tambaye shi ko in bar tsohon abin da ya rubuta a kan na bakwai, in sa alama cewa a kan garmaho mai gudu aka ji shi. Ya ce a cire. Ya ce in buga layi biyu kawai a ƙarƙashin sunan mutumin: "Wannan ban ji shi yadda ya kaɗa shi ba. Ba ni da ta cewa." Na rubuta na karanta masa. Ya ce, "To Alƙaliya, wannan dai kada ki gwada shi da komai." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Ranar Asabar aka kai shi asibiti.

Ga nauyin da na ce zan sauke. Da na yi shiru, da Baba ya riƙe littafinsa wata uku kafin rasuwarsa, da ya ga sunansa a bango, da jikokinsa sun ɗauki hoto da shi yana riƙe da shi. Ni na hana wannan. Ban yi nadamar faɗin abin da na gani ba, amma ba zan ce bai ci kowa komai ba. Ya ci Mama abin da ta roƙe ni da bakinta.

Da na je gaisuwa rana ta uku na zauna can baya kusa da takalma. Mama ta hango ni ta aiko a kira ni. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe min." Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya a zaman makokinsa ba, har yanzu da sauran haushinki a raina." Na ce na sani. Sai ta janye ƙafarta ta buɗe min wuri a kan tabarmarta. Ta ce, "Zauna nan. Duk masu shigowar nan muryarsa suka sani. Ni da ke muka ga wata huɗun nan." Na zauna har magariba, duk wanda ya zo yi mata gaisuwa sai ta nuna ni ta ce a yi min ni ma.

Littafin zai fita yadda ya bar shi, iyalinsa sun amince, da layi biyun nan a wurinsu.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka, kai ka fi mu sanin sa. Mun shaida ya ji tsoron haƙƙin mutumin da bai taɓa gani ba, wanda ba zai taɓa iya ƙararsa a duniya ba. Ka sassauta masa hisabi, ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da ƙannensa, da abokan aikinmu, da masu sauraron da za su kunna rediyo ranar Lahadi su ji wata murya. Mama, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika yi da ni. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu gyara abin da muka ɓata tun muna da sauran lokaci, ya sa mu cika da imani. Amin.